Bakteriyar cire naitirojin daga ruwan gonar aladu: wacce ta cancanci kuɗinka?

Duk mai kiwon aladu, ko a ƙasar Sin yake ko a Katsit kusa da Kafanchan, abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya cikin ruwan wankin garke shi ne amoniya, sinadarin da ke ɗauke da naitirojin. Ita ce warin da ke hana maƙwabta sakat, ita ke kashe kifi idan ruwan ya gangara rafi, kuma idan ta rikiɗe ta zama naitiret ta tsiyaya cikin rijiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda ta wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha ba. Wanda ya gina tankin bayogas, mai samar da iskar gas daga kashin dabbobi, ma bai tsira ba, domin tankin yana cinye dattin ne ya bar amoniyar a cikin ruwan. Shi ya sa kasuwa ta cika da jarkoki da buhunan bakteriya, kowa na cewa tasa ce magani. Kafin ka fitar da kuɗi, ka san cewa ba iri ɗaya ba ne.

Na farko su ne masu juya amoniya, wato Nitrosomonas da ke mayar da ita naitirait, sai Nitrobacter ko Nitrospira su ƙarasa ta zuwa naitiret. A ruwa ake sayar da su, kuma su ne ginshiƙin aikin, amma suna da tsada wajen riƙo. Kowane giram ɗaya na naitirojin sai ya ci kusan giram 4.6 na iskar oksijin, don haka in ba ka da injin hura iska da wutar da za ta riƙe shi dare da rana, ka zuba kuɗinka a kwatami ne. Suna kuma sa ruwa ya yi tsami yayin da suke aiki, sai ka riƙa ƙara farar ƙasa ko soda don ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya tsakanin 7.5 da 8. Ba sa jure zafin ajiya. Jarkar da ta yi wata da watanni a shago cikin zafin bazara, mai yiwuwa gawa ce a ciki. Ka duba ranar da aka haɗa ta, ka tambayi inda aka ajiye ta, in mai shago ya fara kame-kame ka wuce.

Garin da ake sayarwa a buhu ya fi arha, ya fi jure tafiya, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Bakteriyar da ke juya amoniya ba ta da ƙwanson da za ta ɓuya a ciki idan ta bushe, saboda haka mafi yawan abin da ke cikin busasshen gari dangin wata bakteriya ce daban mai suna Bacillus. Suna da amfaninsu: suna narkar da dagwalo, suna rage wari. Sai dai in an rubuta maka cewa garin kaɗai zai share amoniya, ka nemi sunan ƙwayar a jikin buhun. Wasu kamfanoni na sa Alcaligenes faecalis ko Paracoccus, waɗanda kan iya juya amoniya su kuma fitar da naitirojin a tanki guda. A ɗakin gwaji suna burgewa, amma a tafkin gona sai sun yi kokawa da ƙwayoyin da suka tarar, kuma sau da yawa sai an yi ta ƙari. Ka lissafa kuɗin shekara, ba na buhu ɗaya ba.

Matakin da ake yawan mantawa shi ne fitar da naitiret ɗin ya tashi sama a matsayin iska. Masu wannan aiki, irin su Pseudomonas, suna son tafkin da ba a hura masa iska, kuma suna son abinci. Da wuya ka buƙaci sayensu, suna nan cikin laka. Abin da za ka tanada shi ne abincinsu: ɗanyen ruwan garke kaɗan da bai bi ta tankin bayogas ba, ko baƙin ruwan da ke saura a masana'antar sukari.

Akwai kuma anamoks, jar bakteriyar da ke haɗa amoniya da naitirait ta mayar da su iska kai tsaye, wadda aka gano a Holan a shekarun 1990, aka fara aiki da ita a babban mataki a birnin Rotterdam a 2002. Tana rage buƙatar hura iska da kusan kashi 60 cikin ɗari, ba ta neman ƙarin abinci. Sai dai takan ɗauki kimanin kwana 11 kafin ta ninka, kuma ɗan sakaci kan durƙusar da ita. Ta babbar gona ce mai injiniya a tsaye, ba ta mai aladu hamsin ba.

Ni dai a ganina, ƙaramin manomi da matsakaici ya fara da abin da ba a sayarwa a jarka: laka mai rai daga wata matatar ruwa da ke aiki, ko daga matacin tafkin kifi da ya daɗe. Ƙwayoyin cikinta sun riga sun saba da yanayin wurin. Kuɗin da ya rage ya tafi kan injin hura iska, da matacin da zai raba kashi da ruwa tun farko, da kayan gwajin amoniya da naitirait. Ka gwada ruwanka kafin ka zuba komai, ka sake gwadawa duk mako. In amoniya na sauka, naitirait ya hau sannan ya faɗi, aiki ya kankama. Sayen jarkar Nitrosomonas ka bar shi sai ranar farawa ko ranar da tafki ya mutu, wato ƙwayoyin cikinsa suka daina aiki. Abin da ya fi kashe shi kuwa daga garken yake fitowa: maganin feshin kashe cuta, ragowar magungunan da ake ba dabbobi, da tagulla da zinki na cikin abincinsu. Ranar da za ka wanke garke da magani, ka karkatar da ruwan zuwa wani rami daban.