Dare huɗu a gaban majigi a Marwa

A makon da ya shige wata cibiyar al'adu da ke nan Marwa, a arewacin Kamaru, ta shirya bikin nuna fina-finan ƙasashen duniya na dare biyar a farfajiyarta. Na halarci dare huɗu daga ciki, kuma kowane dare da kuɗin aljihuna na shiga, saboda haka ina ganin ina da bakin faɗin abin da na gani. Kuɗin shiga dala ɗari ne, wato sefa 500, ɗalibai kuma suna biyan rabi. An jera kujerun roba a baya, an shimfiɗa tabarmi a gaba domin yara, aka ɗaure farin allo a jikin bango.

Mai karatu daga wata ƙasa zai iya mamakin yadda farfajiya da kujerun roba suka cancanci sharhi. Dalilin shi ne, a shekarar 2009 aka rufe manyan gidajen silima uku da suka rage a Kamaru, wato Abbia na Yawunde da Wouri na Duwala da Empire na Bafusam, kuma sababbin da aka fara buɗewa daga 2016 a Yawunde da Duwala aka kafa su. Bikin fina-finai na Ecrans Noirs da Bassek Ba Kobhio ya assasa a 1997 shi ma a Yawunde ake yin sa, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga nan, sai mutum ya hau mota zuwa Ngaundere sannan ya kwana a jirgin ƙasa. Mu kuwa kallonmu ya koma cikin waya da gidajen kallon ƙwallo, inda fim ɗin Kano da na Indiya mai fassara suke da kasuwa. Yawancin matasan da na zauna kusa da su ba su taɓa ganin fuskar mutum ta cika bango ba.

Ta fuskar kayan aiki ba ni da ƙorafi mai yawa. Hoton ya fita tas, sautin yana kai wa kujerun baya, kuma da aka ɗauke wuta a dare na biyu an tayar da inji cikin 'yan mintuna, ko da yake ƙararsa ta riƙa cinye maganganun da aka yi a hankali. Sun kuma kyauta da suka sa lokacin farawa bayan sallar isha'i.

Daren farko shi ne ya fi tsaya mini a rai. An nuna fim ɗin labarin gaskiya na Cyrielle Raingou, 'yar Kamaru, mai suna Le Spectre de Boko Haram, wanda ta ɗauka a Kolofata, wani gari na yankin Mayo-Sava kusa da Mora, kuma ya ci babbar kyautar bikin Rotadam na ƙasar Holan a 2023. Fim ɗin bai bi mayaƙa ba, yara ya bi: wata yarinya da ta rasa mahaifinta a harin bam, da wasu 'yan'uwa maza biyu, da makarantar da ake karatu a cikinta sojoji na gadi da bindiga. Alƙalan Rotadam sun kalle shi a matsayin labarin wata duniya mai nisa, amma a farfajiyar nan akwai mutanen da suka baro yankin Mayo-Sava da ƙafa, akwai 'yan kasuwar da suka san hanyar Mora kamar tafin hannunsu. Wata mata da ke gabana ta ja mayafi ta rufe fuska tun kafin a kai tsakiya, ba ta fita ba, ba ta kuma sake ɗaga kai sosai ba. Abin da na yaba wa mai fim ɗin shi ne haƙurinta, domin ba ta cusa kiɗan tausayi don ta matso hawaye ba, ta bar yaran suna wasa da gardama irin ta yara, har mai kallo ya manta da sojan da ke gefen hoto, sannan ya tuna da shi. Da aka kunna fitilu an ɗan jima babu wanda ya tafa.

A dare na biyu ne rauni ya bayyana. Fim ne na ƙasar Iran a kan rikicin wani iyali, ana magana da Farisanci, fassarar kuma rubutu ne na Faransanci da ke wucewa a ƙasan allo. Fim ɗin mai kyau ne ƙwarai, irin wanda kowace kalma take da nauyi, kuma daidai nan matsalar take. Wanda ya yi boko mai zurfi yana iya bin rubutun, amma mai jin Faransancin kasuwa, ko wanda karatunsa na allo ne, kafin ya haɗa baƙi biyu layin ya shige. Wani dattijo mai sayar da yadi da ke kusa da ni ya yi ta taɓa ni yana cewa, "Ɗana, me matar nan ta ce masa?" Na yi ta raɗa masa har na baya suka fara tsaki, daga bisani ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Malam, na gode, amma kallon kurame ba nawa ba ne." Ba shi kaɗai ya tashi ba. Masu shirya biki a garin da ake ciniki da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa bai kamata wannan ya zo musu da bazata ba.

Dare na uku ya zo da sauƙi, domin an nuna Un homme qui crie na Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeche ta ƙasar Chadi, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a 2010. Labarin wani tsohon gwanin ninƙaya ne mai kula da wurin wanka na wani otal a Njamena, wanda aka karɓe aikinsa aka ba ɗansa, ga kuma yaƙi yana matsowa ana neman kowa ya ba da gudummawa. Akwai Larabcin Chadi a cikinsa, saboda haka mutanen Kuseri, garin da ke bakin iyakar Chadi, da ke cikinmu suka riƙa dariya ko jan numfashi kafin mu masu jiran rubutu. Fim ne mai tafiyar hawainiya, wasu samari sun ƙosa, amma shirun uban nan a wurin cin abinci ba ya bukatar tafinta a wajen duk wanda ya girma a gidan da uba ba ya bayyana damuwarsa.

Ban je dare na huɗu ba, sai dai maƙwabcina da ya je da iyalinsa ya dawo da fushi, saboda fim ɗin Turai da aka nuna yana da wurin da bai dace a kalla tare da yara ba, kuma ba a yi gargaɗi a takardar shiri ko a baki ba. Layi ɗaya na sanarwa ya isa ya hana wannan.

Abin da ya sa na fasa yanke musu hukunci mai tsanani shi ne daren ƙarshe, domin sun ji koken jama'a sun gyara. An nuna Dahomey na Mati Diop, wanda ya ci babbar kyautar bikin Balin na ƙasar Jamus a 2024, a kan kayan sarauta 26, har da gumaka, da sojojin Faransa suka kwashe a 1892 aka mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Kashi mai yawa na fim ɗin muhawara ce ta ɗaliban jami'a, wato zance zalla, irin wanda da ya kori rabin farfajiyar. Sai aka ba wani matashin malamin makaranta lasifika, ana ɗan tsayar da fim a wuraren da suka dace, yana taƙaita abin da aka faɗa da Fulatanci sannan da Hausa. Masu son fim ya tafi babu yankewa sun ɓata rai, kuma ina fahimtarsu, domin tsayarwar tana karya zaren da mai fim ta saƙa. Amma da malamin ya fassara maganar ɗalibin da ke ganin dawo da 26 daga cikin dubbai raini ne, sai farfajiya ta kaure da ce-ce-ku-ce, wani ya ɗaga murya yana tambayar ina kayan fadodin lamidonmu da Jamusawa suka tarar. An kusa awa ɗaya ana wannan gardama bayan fim ya ƙare.

Ga wanda zai je idan an sake shiryawa, ya tambaya tun a ƙofa ko akwai tafinta a daren, ya kuma tambayi ko fim ɗin na zuwa da yara ne. Ya riƙe rigar sanyi, domin iskar hunturu tana sauka sosai bayan ƙarfe tara, ya zauna nesa da inda aka ajiye inji. Akwai mai tsire da mai zoɓo a bakin ƙofa, farashinsu na gari ne. Babur kuwa yana wuya idan an tashi, gara mutum ya yi alkawari da wanda ya kawo shi. Dattijon nan mai yadi ya dawo a daren ƙarshe, na hango shi a kujerar gaba kusa da lasifika, kuma har na fita yana tsaye yana ja da malamin a kan ko gunki yana da ƙasar haihuwa.