Na'urar yatsa ko jinin wuyan hannu: wanne za a yarda da shi a gwajin motsa jiki?

Hajiya, kin ce an yi wa maigidanki gwajin tafiyar minti 6 a nan Gombe. Yana zaune na'urar yatsa mai auna oksijin na jini ta nuna 97, da ya fara tafiya ta sauko 87, kina son sanin ko huhunsa ne ko na'urar. Kowanne yana iya zama.

Na'urar yatsa ba ta taɓa jini. Haske iri biyu take turawa ta cikin yatsa, ja da wanda ido ba ya gani, ta ƙiyasta oksijin daga yadda jini ke shanye hasken a kowane bugun zuciya. Ko mutum yana zaune cif, takan kauce da maki 2 zuwa 3. Da ya fara motsi sai abin ya ƙaru: hannu na lilo, gumi na sa ta zame, idan kuma ya damƙe hannun keken gwaji jini ya ragu a yatsa. Sanyin safiyar hunturu ma haka yake yi. Ga baƙin lalle a farce, ga hayaƙin gawayi ko janareto da ke sa ta nuna lamba mai kyau alhali jinin ba haka yake ba.

Abin da ya fi damuna shi ne launin fatarmu. Binciken Jami'ar Michigan a Amurka na 2020 ya gano cewa na'urar takan ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan sau uku fiye da farar fata. Ke nan a wurinmu ta fi yin kuskure ta sama. Don haka ba zan yi saurin cewa 87 ɗin nan sharrin na'ura ne ba.

Gwajin jinin jijiya kuwa, allura ake sokawa a wuyan hannu, inji ya auna jinin kai tsaye. Shi ne alƙali. Sai dai yana da zafi da tsada, ba kowane asibiti ke yinsa ba, kuma lambar lokacin da aka ɗebi jinin kawai yake bayarwa. Idan aka bari mutum ya huta, ta riga ta koma daidai.

Ga abin da za ku roƙi likita: a maimaita gwajin da hannu mai ɗumi, yatsu a sake, ba a dunƙule ba. A duba ko bugun da na'urar ke nunawa ya yi daidai da na wuyan hannu. Idan sun saɓa, lambar oksijin ɗin ma abar zargi ce. Inda akwai wadda ake mannawa a goshi, ta fi jure motsi. Lamba mai tsalle daga 95 zuwa 85 ta dawo nan take, yawanci motsi ne. Wadda ke sauka a hankali da maki 4 ko fiye, ko ta tsaya ƙasa da 88 yana haki, ita ce ke buƙatar a binciki huhu da zuciya, Hajiya, kada a jinkirta.