Robar ƙasan ƙofar gareji: EPDM ko PVC, wacce ke jure zafin Jidda?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka tambayi wace roba za ka sa a ƙasan ƙofar garejinka don tare ruwa da ƙura, wadda kuma za ta jure zafin Jidda. Tsakanin robar PVC (filastik mai laushi) da mai shago ya nuna maka da ta EPDM (irin robar ƙofar mota) da ya ce ta fi tsada, ɗauki EPDM, baƙa, mai lanƙwasa kamar harafin U. Kada tsadar ta hana ka. Burushin toshe bakin ƙofa da wasu 'yan'uwa suka ba ka shawara shi ma yana da nasa wurin, zan zo kansa, amma ba zai tare maka ruwa ba.

EPDM ɗin ce a ƙofar gidan da nake zaune a kudancin Jidda, kuma na ga ranarta a ruwan 24 ga Nuwamba 2022. Duk wanda ke garin nan bai manta da shi ba. Milimita 179 aka auna a kudancin gari daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, an rufe makarantu, har babbar hanyar Makka sai da aka tsayar da ita. Layinmu yana da ɗan tudu, saboda haka ambaliya ba ta hau mu ba, amma ruwa ya yi ta gudu a bakin ƙofa yana lasar ƙasanta har bayan azahar. A cikin garejin kuwa akwai buhunan shinkafa da katan-katan na dabino da abayoyi, kayan mutane ne da aka ba ni amana in haɗa wa masu komawa gida daga Umra. Ina ɗaki, hankalina yana kan kayan nan. Da ruwa ya tsagaita na shiga ta ƙofar ciki, sai na tarar da daɓe a bushe, in ban da ɗan siririn layin laima a kusurwa ɗaya inda simintin ya ɗan lotsa. Wallahi na yi hamdala. Maƙwabcina da ke fitar da ruwa da tsintsiya ya zo ya duƙa yana taɓa robar da yatsa, yana tambayar inda aka samo ta. Har yau ita ce a wurin, in ka danna ta sai ta dawo yadda take.

Amma kada a fahimce ni a baibai. Roba tana tare ruwan da ke gudu a ƙasa da feshin da iska ke kaɗowa ne kawai. Irin ambaliyar Nuwamba 2009 da ta ci rayuka sama da 100 a Jidda, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, babu robar da za ta tsaya mata. Wanda gidansa ke kwari, ya ɗora kayansa a kan katako ko kanta.

Ruwan ma sau nawa yake zuwa a shekara? Abin da ke cin roba a ƙasar nan rana ce. A watan Yunin 2010 zafin Jidda ya kai digiri 52, kuma ƙofar ƙarfe da ke kallon rana ta fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba. A nan bambancin yake. PVC asalinta abu ne mai tauri, irin na bututun ruwa, sai an zuba mata sinadarin laushi kafin ta lanƙwasu. Zafi yana fitar da wannan sinadari sannu a hankali, sai ta ƙanƙance, ta bushe, ta fara tsagewa. EPDM kuwa laushinta daga ƙirarta ne, tana jure hasken rana da zafin da ya haura digiri 100, shi ya sa da ita ake yin robar ƙofar mota da ta gilashi. Dubi motocin da ke kwana su wuni a rana shekara da shekaru, robar ƙofarsu tana nan tana aiki.

PVC dai tana da arha kuma tana saurin shiga tsagi, iyakar alherin da zan faɗa a kanta ke nan. Wadda na taɓa saya ba ta daɗe ba ta janye daga gefe biyu, ta bar wa ƙura da kyankyasai hanya.

Aibin EPDM ɗaya ne, ba ta shiri da man fetur da danginsa. Baƙin mai, giris, kananzir, dizal, duk suna kumbura ta su lalata ta. In motarka tana ɗigar da mai a daidai bakin ƙofa, gyara motar ko ka riƙa gogewa. Kuma kada wani mai gyara ya shafa mata giris wai don ta yi santsi. Feshin silikon ake sa mata.

Burushi kuma, in ƙofarka irin mai naɗewa sama ce, wadda ake ce wa shatta, shi ya fi dacewa da gefe-gefe da sama inda ƙarfe ke goga, domin roba a nan takan kama ƙofar ta wahalar da injin da ke ɗaga ta. Yana rage yashi da ganye da ƙwari, yana kuma bin daɓen da bai daidaita ba. 'Yan'uwanmu na Riyad da Ƙasim, inda guguwar ƙura ke tashi daga Maris zuwa Mayu, za su ji daɗinsa a gefe. Sai dai ƙura mai laushi tana ratsa shi, ruwa kuwa ko tsayawa ba ya yi. A ƙasan ƙofa roba za ka sa.

Kafin ka koma shagon, yanko ɗan guntu daga tsohuwar robarka ka tafi da shi a aljihu. A ƙasan ƙofa akwai dogon alminiyam mai tsagi, kuma bakin robar da ke shiga tsagin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai siffar T, shi ma kashi biyu, na kwatan inci wato kusan milimita 6, da na 5/16 wato kusan milimita 8. Akwai kuma mai dunƙulallen baki. In ka sayi wanda bai dace ba, ko dai ya ƙi shiga ko ya riƙa zamewa. Faɗin robar in an shimfiɗa ta yawanci inci 3 ne ko 4 ko 6. In daɓenka ya lotsa a tsakiya ko a gefe, ɗauki mai faɗi, ita ce za ta cike gurbin. A tsawo kuma ka ƙara kamar taƙi ɗaya a kan faɗin ƙofar.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa. Wasu masu shago a sina'iyya, wato unguwar masu gyara da kayan gyara, da masu talla a intanet, duk roba baƙa EPDM suke kiranta, alhali wata PVC ce mai baƙin launi, wata kuma tsohuwar taya ce aka niƙa aka sake sarrafawa. Suna jin harshenka ba na ɗan ƙasa ba sai farashi ya tashi, kaya ya sauka. Karɓi guntu ka naɗe shi sosai tsakanin yatsu. In wurin lanƙwasar ya yi fari-fari ko ya nuna ƙananan tsaga, ajiye musu abinsu. In ta bar maka baƙi a tafin hannu ko tana warin ƙonanniyar taya, ita ma bar ta. Gwajin da ya fi duka shi ne ka roƙi ɗan guntu ka kai gida ka jefa a firiza ya kwana. PVC za ta fito a sanƙare, EPDM za ta fito tana lanƙwasuwa kamar ba abin da ya same ta. Mai gaskiya ba zai hana ka guntu ba. Sannan ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar QR, ka sa a rubuta sunan kayan a jiki. In an cuce ka, da ita za ka kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900. Wanda ya ce zai rage maka kuɗi in ka yafe fatura, ya san abin da yake sayarwa.

Sa ta aikin mutum biyu ne, ba sai ka kira kamfani ba. Zare wutar injin tukuna, ka ɗaga ƙofar daidai ƙirji ka tokare ta. Yawanci an matse bakin tsagin da filaya don kada robar ta zame, sai ka buɗe shi da sukurudireba ka jawo tsohuwar. Wanke tsagin sosai, domin yashin da ya taru a ciki shi ke hana sabuwar tafiya. Shafa ruwan sabulun wanke kwano, ɗaya yana turawa, ɗaya yana ja a hankali. Kada a ja ta da ƙarfi har ta miƙe, domin daga baya za ta koma tsawonta ta bar kusurwa a buɗe. Abin da ya yi saura a gefe, bar kamar yatsu biyu ka cusa shi cikin U ɗin, ya toshe kusurwa, ta nan ɓera da kunama suke shiga.

Don Allah, Alhaji, akwai ƙarfe biyu a kusurwoyin ƙasa inda wayar ɗaga ƙofa take maƙale. Kada ka kwance su, kada ka bar yaro ya taɓa. Wayar nan tana ɗaure da sifirin da ke ɗauke da nauyin ƙofar gaba ɗaya, in ta kuɓuce tana iya karya hannu ko ta fasa fuska. In aikin ya kai ga nan, kira mai sana'ar.

Bayan an gama, sabuwar roba ta fi tsohuwa kauri, saboda haka injin yana iya taɓa ƙasa ya koma sama, sai an ɗan gyara masa iyakar sauka. Ajiye guntun katako a ƙasa ka rufe da rimot, dole ƙofar ta koma sama da zarar ta taɓa shi, musamman a gidan da ke da yara. Sannan ka shiga ciki da rana tsaka, ka rufe, ka kashe fitila. Duk inda ka hango haske, ta nan ƙura za ta shigo.

In har haske bai ɗauke a ƙasa ba, ƙara dokin ƙofa na roba wanda ake mannawa a kan siminti da gam. A share wurin ya bushe ƙarau kafin a manna, a bar shi ya kwana mota ba ta taka ba. Sai dai yadda yake hana ruwa shiga haka yake hana shi fita, in kana wanke mota a ciki ka yi tunani tukuna. In gidan haya ne ko na kafili, wato ubangidan da kake zaune a ƙarƙashinsa, ka sanar da mai gidan kafin ka manna komai a daɓensa.