Tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi: wace manhajar tayarwa za ka saka?

Manhajar tayarwa ita ce ƙaramar manhajar da ke tayar da babbar manhajar kwamfuta, kamar Linux, in ka kunna ta. In kwamfutarka tsohuwa ce mai BIOS, wato tsohon tsarin da ke fara aiki da an kunna inji, kada ka ɓata lokaci da rEFInd ko systemd-boot, domin na injin UEFI ne, sabon tsarin da ya gaji BIOS. LILO kuwa an daina raya shi tun 2015, kuma duk sanda ka sabunta kanel, wato zuciyar manhajar Linux, sai ka sake girka LILO ɗin, in ka manta ta ƙi tashi. Syslinux ba laifi, amma ba ya nemo sauran manhajojin da ke faifanka da kansa.

Ni dai GRUB 2 nake zaɓa. Sabon kanel ya zo ya bar ka da baƙin allo? Danne Shift tana kunnawa, jerin zaɓi zai fito, ka koma tsohon kanel ɗin da ke aiki jiya. Ka danna e, ka ƙara kalmar nomodeset a layin kanel in katin hoto ne ke gardama. Wasu laftof masu Pentium M ba sa nuna suna da PAE, wata dabarar sarrafa RAM da wasu kanel ke buƙata, alhali suna da shi. Ƙara kalmar forcepae a layin kanel ke warware musu. Debian 12, wani nau'in Linux, ma tana da kanel mai suna 686 wanda bai buƙatar PAE. In an tattake baiti 446 na farkon faifai, inda lambar tayarwa ke zama, faifan ceto na Super Grub2 Disk zai lalubo manhajarka ya tayar da ita, sannan ka gyara da umarnin grub-install. Injin da BIOS ɗinsa bai san tashi daga filashi ba, Plop Boot Manager a kan CD ke buɗe masa hanya.

Sai dai ka yi hattara da filashin da za ka ɗora kayan ceton a kai. Na taɓa sayen wanda aka rubuta wa 64GB, ashe cikinsa bai kai haka ba. Ya karɓi fayil lafiya lau, ya lalata shi a ɓoye, na yi ta zargin GRUB. Jabu ba ya nuna kansa sai ranar da kake cikin matsi. Ka gwada kowane sabon filashi da manhajar H2testw ko f3 kafin ka yarda da shi. Haka shafukan da ke tallan "manhajar gyara" da babban maɓallin saukewa, wasu har kuɗi suke karɓa kan abin da kyauta ne. Ka sauko daga shafin masu manhajar, ka gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin, wato lambar tantance sahihancinsa, da wadda suka wallafa, in harafi ɗaya ya saɓa ka goge fayil ɗin.