Aikin Fiɗa Kan Tunkiyar Da Ta Ci Leda: Yadda Na Ga Asibitin Dabbobi

Tunkiyata Balama ce, kuma tun tsakiyar rani ta fara ramewa alhali cikinta ƙato. Ta daina tuƙa, harawa ma sai ta shinshina ta kau da kai. Maƙwabta suka ce tsutsar ciki ce, mai kemis ya ba ni albendazole, aka ɗura mata, shiru. Daga nan na ɗora ta a keke Napep zuwa wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a garinmu.

Abin da ya fara burge ni, likitan bai yi saurin zaro sirinji ba. Ya duba fatar idonta, ya auna zafin jiki, sannan ya dunƙule hannu ya danna cikinta ta ɓangaren hagu, inda tumbi yake. Ya ce, "Alhaji, kawo hannunka." Na danna, na ji wani abu mai tauri kamar ƙullin tsumma. Ya ce leda ce, kuma babu allura ko jiƙon da zai narkar da ita, sai fiɗa.

A gabana aka yi. Aka aske gefen, aka yi allurar kashe zafi, aka tsaga. Abin da ya fito sai wanda ya gani: baƙaƙen ledoji, ledar fiya wata, igiyar buhu, duk sun murɗe sun zama dunƙule ɗaya mai wari. Ya bayyana mini cewa yunwar rani da ƙarancin gishiri a jiki ke sa dabba ta bi bola tana lasar ledar da aka zuba abinci, ya ce in riƙa ajiye mata gishirin lasa, in kuma turke ta.

Ya rubuta mini ranar cire zare, ya ja kunnena kan kada a yanka ta ko a sha nononta sai kwanakin da ke jikin kwalbar allurar sun cika. Masu yawo da jaka suna yi wa dabbobi allura a kasuwa ba su taɓa gaya mini haka ba. Ya kuma sa na kawo sauran awakin aka yi musu rigakafin PPR, wata annoba da ke kama awaki da tumaki, na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos.

Inda suka gaza: likita ɗaya ne tal, mun yini a kan benci, kuma rabin magungunan sai da na fita waje na sayo. Da ɗinkin ya ɗan kumbura na kira waya, sai washegari aka ɗauka. Kuɗin ma ba wasa ba. Da ƙaramar akuya ce, gaskiya da mahauci zan kira.

Amma ga mai Balama ko Uda ta haihuwa, aikin ya ci kuɗinsa. Tawa ta koma tuƙa, ta fara murmurewa, kuma can zan mayar da ragon layya a duba mini shi.