GTK ko Qt wajen gwada CSS? Ni dai GTK na riƙe

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta GTK ko Qt, wato kayan aikin nan biyu na gina tagogi da maɓallan manhaja, wanne ya fi sauƙin gane ko CSS ɗinka, dokokin da ke tsara kala da kamannin manhajar, ya hau ko bai hau ba, tunda ka ce Linux kake kai kuma da Python kake rubutu to ɗauki GTK 4 kawai ka huta.

Abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu, shi idan ka yi kuskure ba ya rufa maka asiri, nan take zai nuna maka wurin. Akwai wata 'yar manhaja ta lissafin bashi da na taɓa rubuta wa yayana a shagonsa na kayan masarufi, tsohuwar laftof ce muka ɗora mata Debian, wani nau'in Linux, lokacin da GTK 3 nake aiki. Yaya ya ce shi dai maɓallin goge bashi ya koma ja wur, don yaron shago ya taɓa latsa shi bisa kuskure bashin wani ya bi iska. Na rubuta background-color na sa ja, na kunna, maɓalli na nan fari fat kamar ban ce komai ba. Na canza sunan aji, na canza fayil, na sake kunnawa ya fi sau goma, ga shi an ɗauke wuta batir yana ta sauka, yaya kuma yana zaune kan buhun shinkafa yana min kallon dama ka iya abin nan kuwa. Sai can na tuna da Inspector, tagar bincike da GTK ke zuwa da ita, na rufe manhajar na sake tada ta da GTK_DEBUG=interactive a taminal, wato wurin rubuta umarni, wata taga ta buɗe a gefe, na nuna mata maɓallin, ta jero min duk siffofinsa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da fayil da layin da ta fito. Ashe jan nan ya hau tun farko! Adwaita ce, wato rigar da GTK ke zuwa da ita, ta shimfiɗa background-image a kansa, kamar mutum ya sa jar taguwa ya ɗora farar babbar riga a sama. Na rubuta background-image: none a cikin Inspector ɗin kanta, ko sake kunnawa ban yi ba maɓalli ya yi ja a gaban idonmu, yaya ya ce to ai ga shi, ya tashi ya ci gaba da awonsa. Wannan Inspector tun siga ta 3.14 take cikin GTK, ba sai ka sauko da komai ba.

Sannan wajen karanta fayil ɗin kansa, GtkCssProvider, wato abin da ke loda CSS a GTK, yana da siginar da ake kira parsing-error. Duk inda ya yi tuntuɓe zai ba ka layi da gurbin harafin, ya tsallake wannan dokar ya ci gaba da sauran. Mu da aka koya mana colour a firamare kullum a nan muke faɗawa, shi kuwa color ya sani, sai ya ce layi kaza babu siffa mai wannan suna. To a gwajinka ka ɗaura wa siginar nan ɗan aikin da zai riƙa tara kurakuran a jeri, ka loda fayil, in jerin bai fito wayam ba gwaji ya faɗi. Layi goma bai kai ba. In kana son tsanani ka ƙara G_DEBUG=fatal-warnings, gargaɗi ɗaya ya isa manhajar ta tsaya cak.

Amma fa ka raba abu biyu, a karanta doka daban, ta hau kan wijet, wato maɓalli ko akwatin rubutu da makamantansu, daban. Su kansu masu GTK haka suka raba gwaje-gwajensu, kuma a buɗe suke kowa na iya leƙawa. Na karatu, kowane fayil na css yana da abokinsa na yadda ya kamata ya fito bayan an karanta shi an sake rubutawa, da wani na kurakuran da ake sa ran gani, sai a kwatanta. Kai ma kana iya yin haka da to_string na GtkCssProvider. Na hawa kuma, taga biyu suke zanawa, ɗaya da dokar da ake gwadawa ɗaya an kai ga kamannin ta wata hanya, a ɗauki hotonsu, ɗigo ɗaya ya bambanta an faɗi. Wannan na biyun shi zai kama maka irin matsalar jan maɓallina, don a wajen karatu ba kuskure ko ɗaya.

Wani abu da ke rikita sababbi shi ne daraja. Rigar tsarin 200 ce, ta manhajarka 600, ta mai kwamfuta da ke cikin ~/.config/gtk-4.0/gtk.css kuma 800, kuma mai babbar lamba shi ke cin magana ko da silektansa, wato ɓangaren dokar da ke nuna wijet ɗin da ake nufi, ya fi naka rauni. Saboda haka in kana da naka gtk.css a kwamfutarka ka kawar da shi kafin gwaji, in ba haka ba abu zai yi kyau a wajenka ya je wajen mutane ya zama wani abu.

Qt kuma, to, yana aiki, tun siga ta 4.2 a 2006 yake da QSS, wato nasa irin CSS ɗin. Sai dai ka manta rufe baka ɗaya, wato alamar }, ya ce maka Could not parse application stylesheet, ba layi ba komai, je ka nema. Ba ya jin !important, in ka canza siffar wijet manhaja na gudana sai ka yi unpolish da polish da hannunka kafin ya lura. Kai dai.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ka yi hattara da masu sayar da rigunan manhaja a intanet. Ni an taɓa yi min. Na ga hotuna masu kyau, inuwa ƙarƙashin kowane maɓalli, kala na sauyawa a hankali in ka kai linzami, na cire kuɗin da ya ishe ni datar wata na biya. Da na loda sai taminal ya cika da Unknown property box-shadow, Unknown property transition, ashe CSS ɗin shafin yanar gizo mutumin ya kwaso ya canza masa suna zuwa qss, abubuwan da QSS bai taɓa sani ba, hotunan kuma a manhajar zane ya haɗa su. Na yi masa magana ya ce wai matsalar daga kwamfutata ce, daga nan ya daina amsawa. A ɓangaren GTK ma akwai irinsu, su tsohon kaya suke sayarwa. A 3.20, wato 2016, an canza sunayen, GtkButton ya koma button, to rigar da aka ɗinka kafin nan za ta iya wucewa a karatu amma ba ta kama komai ba. Duk wanda zai sayar maka, ka ce ya faɗi siga ta nawa aka yi wa, ya kuma turo bidiyon manhajar tana gudana da taminal a buɗe a gefe. In ya fara kwana-kwana ka riƙe kuɗinka.

Kuma kar ka shiga GTK da tunanin burauza ce, babu flex babu grid na jera abubuwa a CSS ɗinsa, ko width babu sai min-width, jeren wijet a kod ko fayil ɗin ui ake yi. Amfani da var(), wato ka sa wa kala suna ka riƙa kiransa, sai daga GTK 4.16 zuwa sama, ƙasa da nan @define-color za ka yi amfani da shi.

Wuri ɗaya zan ce ka bi Qt, in daga baya mai aikin ya ce a Windows zai kunna, haɗa GTK a can akwai ciwon kai, sai ka ɗauki PySide6, wato Qt na Python, ka yi haƙuri da shirunsa. In ba haka ba GTK 4. Turo fayil ɗin naka da sigar da ke kan kwamfutarka, in Allah ya kai mu bayan isha'i zan duba.