MikroTik hEX da OSPF: na'urar ta iya aiki, saitin ne ke son natsuwa

Ga kamfani mai rassa biyu ko uku da ya gaji da rubuta hanyoyin sadarwa da hannu, MikroTik hEX (RB750Gr3), wato router, na'urar da ke nuna wa saƙonni hanya tsakanin cibiyoyin sadarwa, ta cancanci kuɗinta. Kamfanin ƙasar Latbiya ne ke ƙera ta. Tana da kafar Gigabit 5, ƙwaƙwalwa MB 256, furosesa mai gudun MHz 880, kuma OSPF, tsarin da na'urori ke koyon hanyoyi daga junansu da kansu, na cikin manhajarta ta RouterOS, ba sai an ƙara sayen lasisi ba. Babu Wi-Fi a jikinta. Tana karɓar wuta daga volt 8 zuwa 30, don haka batirin sola mai volt 12 ya ishe ta idan an ɗauke wuta.

A RouterOS 7 saitin mataki uku ne a ƙarƙashin /routing ospf: a buɗe instance a ba na'urar router-id (lambar shaida) nata ita kaɗai, a ƙirƙiri area 0.0.0.0, sannan a saka layin da ya haɗa rassan cikin interface-template, misali 10.0.0.0/30 da type=ptp. Layin kwamfutocin ofis kuwa a sa masa passive, wato a sanar da shi ga sauran rassa ba tare da aika saƙon OSPF ta kansa ba. Yawancin darussan da ke yawo a intanet na RouterOS 6 ne, suna cewa a shiga /routing ospf network, alhali an cire wannan sashe tuni.

Inda ake shan wahala shi ne saitin da ta zo da shi daga kamfani. Kowace hEX sabuwa tana ɗauke da 192.168.88.1, to idan ba a sauya wa kowane reshe nasa adireshin ba, babu abin da zai wuce. Kafa ta 2 zuwa ta 5 a haɗe suke cikin bridge guda, sai an zare wadda za ta je ɗaya reshen. Da zarar an zare ta kuma, firewall, mai tace saƙonnin da ke shigowa, zai toshe saƙon gaisuwar da OSPF ke gano ɗaya na'urar da shi, domin yana watsar da duk abin da bai fito daga jerin LAN ba. Maganin shi ne a buɗe wa protocol 89 (lambar OSPF) hanya a sashen input na firewall, sama da dokar toshewar. Idan maƙwabciya, wato na'urar ɗaya reshen, ta maƙale a matakin ExStart ba ta kammala haɗuwa ba, a fara duba MTU (iyakar girman saƙo), galibi ɓangarorin biyu ne ba su daidaita ba.

Tsofaffin hanyoyin da aka rubuta da hannu su ma tarko ne. Lambar fifikonsu (distance) 1 ce, ta OSPF 110, ƙarama kuma ita ke rinjaye, sai a ga maƙwabtaka ta kai Full, wato ta kammala, amma saƙo na bin tsohuwar hanya. A goge su.

Idan layi biyu ne suka haɗa rassan kuma ɗaya ya mutu, na'urar tana iya jira har daƙiƙa 40 kafin ta koma na biyu, sai an rage lokacin a ɓangarorin biyu daidai wa daida. Ma'ajiyarta MB 16 ce kacal, wannan kam rowa ce, tana matsewa lokacin sabunta manhaja. Mai saiti daga nesa ya kunna Safe Mode a Winbox, manhajar saita na'urar, tukuna, domin idan haɗin ya yanke na'urar za ta janye sauye-sauyen da kanta.